Baƙar Ƙwaya a Akwatin Tau Omikron

A ƙungiyarmu ta 'yan kwaleji, Tau Omikron, baƙar ƙwaya ɗaya ta isa ta rufe wa yaro ƙofa. A gashin naman bara ta faɗo wa Toby Lindqvist, jikan mutumin da muke cin nama a filinsa.

Kowace shekara kafin a koma karatu, mu tsofaffin 'yan ƙungiya na garinmu mukan haɗu a gidan Emmett Lindqvist da ke bakin tafki. Mukan gayyato samarin garin da za su shiga Kwalejin Brandreth, mu cika su da gasasshen nama da masara, mu bar su su yi iyo, mu kuwa muna lura da wanda ke ture na gabansa a layin abinci da wanda ke tashi ya ba babba kujera. In rana ta karya sai mu shige rumfar ajiye kwalekwale, mu rufe ƙofa, mu jefa wa kowane yaro ƙwaya a akwati, fara ko baƙa. Yaron da ya fita fari fat, mu aika sunansa gidan ƙungiya da ke kwalejin a karɓe shi. Wanda ya samu baƙa, ko ɗan wane ne, gidan ba zai taɓa shi ba. Ba a tambayar wa ya jefa, ba a tambayar dalili.

Emmett ya doshi casa'in. Ya yi rayuwarsa yana sayar da taraktoci, kuma har yau da muryar dillalin taraktoci yake magana. Ɗansa bai yi kwaleji ba, don haka bajon zinariyar da aka maƙala masa ranar da ya shiga ƙungiya ya daɗe yana jiran magaji. Ranar gashin ya zo da shi a aljihun rigarsa, yana ta nuna wa duk wanda ya gaishe shi, yana cewa yau zai sauka daga ƙirjinsa ya hau na Toby, daga nan kuma likitoci su yi abin da suka ga dama da shi.

Ni ne mai gashi, sunana Royce, kuma daga bakin wuta ana ganin kowa. Na ga Toby yana ɗaukar wa mutane faranti, doguwar sandar yaro mai kunya da kunnuwa irin na kakansa. Na ga Emmett zaune a kujerarsa ta kullum ƙarƙashin bishiya, baƙin tabarau a fuska. Mun san idonsa ya yi rauni, amma ba mu san iyakar raunin ba, domin ya haddace kowace kafa ta filinsa, kuma wanda duk ya miƙa masa hannu zai sha zagi. Sai na ga Warren Dombek ya iso da kwanon dankalinsa, ya tsaya a gaban kujerar.

"Ɗan'uwa Lindqvist, ashe ba ka mutu ba. Na yi asarar guge baƙaƙen takalmana."

"Ina jiran in fara binne ka, tsohon banza. Ajiye dankalin nan nesa da mutane."

Haka suke gaisawa, sai dai a ƙarƙashin wasan akwai ƙaya. Shekarun baya, ɗan Warren mai suna Dale ya zo wannan fili, ya ci wannan nama, ya samu baƙar ƙwaya. Babu wanda ya san mai jefawa, amma Warren ya sa a ransa Emmett ne, domin a lokacin suna shari'a kan iyakar gona. Dale ya tafi wata kwaleji, bai ƙara taka bakin tafkin ba. Warren kuwa bai fasa zuwa ba. Matarsa ta rasu, ɗan ya yi nisa, abincin rana na Alhamis da muke yi tare shi ne kaɗai fitarsa a mako.

Da lokaci ya yi, shugabanmu Lyle Hofstetter ya buga ƙararrawa, muka bar samarin suna wasan ƙwallo muka shige rumfa. Skip Vandeveer ne mai riƙon akwati. Ya fito da shi daga jakar fata, tsohon akwatin katako mai rumfa a ka, yadda in ka zura hannu kai kaɗai ke ganin ƙwayoyin da ke gaba. Ka ɗauki wadda kake so, ka saka a rami, ta faɗa aljihun baya. Al'ada ce a fara da jinin ɗan ƙungiya, don haka Lyle ya kira sunan Tobias Lindqvist, wato Toby. Aka yi tafi. Skip ya zaga da akwatin, kowa ya leƙa ya jefa, ana ta barkwanci. Emmett ne na ƙarshe saboda girma. Ya zura hannu yana murmushi, muka ji ƙwayarsa ta faɗa.

Lyle ya jawo aljihun, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce akwatin bai fita tsaf ba.

Wani ya yi dariya yana zaton wasa ne. Lyle bai yi ba. Ya ce doka ta ce in baƙa ɗaya ce tak, a sake, ko hannun wani ya kuskure. Ya roƙi kowa ya duba da kyau. Wannan karon babu mai barkwanci. Akwatin ya zaga, ba ka jin komai sai faɗuwar ƙwaya da ihun samari daga bakin ruwa. Lyle ya jawo aljihun. Baƙa ɗaya, kwance a tsakiyar farare.

Sau biyu ya zama hukunci. Abin da ya rage a doka hanya ɗaya ce: wanda ya jefa ya tashi da bakinsa ya ce shi ne, ya janye, kafin a rufe taro. A tarihin reshenmu ba a taɓa yi ba, domin mai yin hakan ya tona sirrin akwati, kuma kowane ɗan'uwa na iya neman a jefa masa ƙwaya shi ma, baƙa ɗaya ta kore shi.

Emmett ya miƙe a hankali yana dafa sanda. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yaron nan bai taɓa yi wa kowa komai ba, duk wanda ke da bashin gaba ya zo ya karɓa a wurin tsohon da ya ci. Ya juya fuskarsa daidai inda Warren ke zama kowace shekara, ya ce akwai mutumin da ya yi ta cin namansa yana jiran wannan rana, to ya samu. Ya ce daga yau filinsa ya rufe, mu nemi wani wurin mu gasa namanmu. Duk idanu suka koma kan Warren. Shi kuwa yana zaune hannuwa a ƙirji, ko motsi bai yi ba.

Lyle ya ba da hutu kafin wani ya faɗi abin da ba zai maidu ba. Na fita duba wuta. Toby ya hango ni daga bakin ruwa ya ɗaga mini hannu yana tambaya da fuska, na yi kamar hayaƙi ya shige mini ido. Ina juya nama sai ga Warren a gefena. Ya ɗauki tsinke ya caki yanka ɗaya, ya ce na ƙona shi kamar kullum. Na ce masa kai tsaye abin da ya yi bai dace ba.

"Kai ma? To saurara, mai gashi. Da ka leƙa akwatin, yaya ka ga baƙaƙen?"

Na ce baƙaƙe ne, me kuma zan gani. Ya ce in tuna da kyau. Tun da aka sassaƙa akwatin, farare zagayayyu ne na gasasshen yumɓu, baƙaƙe kuwa na katako ne masu kusurwa, kamar ƙwayar sukari. An yi haka ne don ko a duhu yatsa ya bambance. Yau fa? Na tsaya da cokali a hannu. Baƙaƙen yau zagayayyu ne, masu ƙyalli.

Muka kira Skip gefe. Bai ma ga abin damuwa ba. Ya ce jikokinsa ne suka samu akwatin lokacin hutun Kirsimeti suka watsar da na katakon, sai ya shiga kantin kayan wasa ya sayo baƙaƙe na gilashi ya cike, ai baƙi baƙi ne. Warren ya ce masa ya koma ciki ya riƙe bakinsa, zai yi masa bayani in ya girma. Skip mutum ne mai shekara sittin da wani abu.

Da ya tafi, Warren ya ce a zagaye na biyu bai dubi kowa ba sai Emmett. Kowa na sunkuyawa ya leƙa, shi kuwa fuskarsa na sama, yatsunsa ne ke aiki. Ba ya ganin komai a cikin akwatin nan, wataƙila ya yi shekaru ba ya gani. Zagayayya yake nema. Tsofaffin fararen sun guntule sun yi kaushi, sababbin na gilashi sumul suke. Mutum yana zaɓar wa jikansa, wacce zai ɗauka? Wadda ta fi kowace kyau a hannu.

Na ce to ai shi ke nan, mu je mu gaya wa Lyle, a soke, a sake. Warren ya girgiza kai. Ya ce Lyle lauya ne, ba zai soke hukunci kan zato ba, sai ya ce wanda ya jefa ya tashi. Ke nan sai mun tsaya a gaban 'yan'uwa mun ce wa Emmett Lindqvist ya makance, kuma da hannunsa ya kori jikansa har sau biyu. Ya ce labarin zai riga mu isa gari, yaron zai shiga gidan ƙungiya ana kiransa wanda kakansa ya jefa wa baƙa, tsohon kuma ba zai ƙara fita ƙofa ba.

"To me za a yi?"

"Ai an riga an samu mai laifi. Kowa ya gan shi." Ya goge yatsunsa a gaban rigata. "Na san yadda ake mayar da yaro gida a mota daga nan ba ka san abin da za ka ce masa ba. Tafiyar tana da tsawo."

Na tuna masa abin da doka ta tanada, na tuna masa Alhamis. Ya ce miyar gidan abincin nan dama ta ishe shi. Ya kuma ce in na buɗe baki zai gaya wa kowa a kanti nake sayo yajin da nake cewa na kakata ne.

Muka koma. Lyle na shirin kiran suna na gaba, Warren ya tashi. Ya ce shi ya jefa baƙar, duka biyun, kuma ya janye. Lyle ya tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa. Ya ce Turanci ya yi. Aka yi ta gunaguni, wani daga baya ya kira shi da sunan da ba zan maimaita ba. Lyle ya buga tebur ya ce akwatin Tobias Lindqvist ya fita tsaf, an karɓe shi.

Na zaci Emmett zai huce. Ban san shi ba ke nan. Ya ce ya gode wa Allah da ya nuna masa ranar da munafuki ya faɗi sunansa da kansa, amma janyewa ba ta wanke komai ba. Mutumin da zai soki yaro don ya rama wa kakansa bai cancanci zama cikin 'yan'uwa ba. Ya nemi a jefa wa Warren Dombek ƙwaya yanzu yanzu. Doka ta ba shi dama, Lyle bai da yadda zai yi. Ya ce fara a bar shi, baƙa a kore shi. Warren ya ɗauki hularsa ya ɗora a gwiwa, kamar mai jiran mota.

Emmett ya ce wannan karon shi zai fara, ba zai jira ƙarshe ba. Skip ya kawo masa akwatin. Tsohon ya zura hannu, fuskarsa a sama, haɓarsa a ɗage. Muka jira ƙarar faɗuwa. Ba ta zo ba.

Ina zaune kusa da shi, ina jin ƙwayoyin suna gogar juna. Mai kusurwa yake nema. Ya bi gefen dama, ya bi na hagu, ya tona ƙasa. Ya ɗauki wata ya murza ya saki, ya ɗauki wata. Na ga haɓar tana sauka a hankali. Wani ya yi tari. Lyle ya tambaya ko akwai matsala, tsohon ya ci gaba da lalube.

Can ya zaro hannunsa a dunƙule, abin da ba a yi. Ya sauke shi ƙarƙashin tebur ta wajena, ya buɗe tafin. Ƙwaya ce sumul, tana ƙyalli. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Royce. Wace kala ce wannan?"

Na dubi Warren. Yana girgiza mini kai a hankali. Amma mutumin ya tambaye ni, kuma ya riga ya sani.

"Baƙa ce, Ɗan'uwa Lindqvist."

Ya rufe hannun. Ya zauna, yatsansa na shafa ƙwayar a cikin tafi. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san naman da na bari a wuta ya gama ƙonewa, domin ƙaurin ya shigo har rumfa. Sannan ya saka ta a aljihun da bajon yake, ya gyara tabarau, ya ce da Lyle shi ya janye buƙatarsa ta korar Warren. Lyle ya tambayi dalili. Emmett ya ce tun yaushe aka fara tambayar dalili a wannan ɗaki. Ya ƙara da cewa kada a jefa wa sauran yaran ƙwaya da wannan akwati sai an samo na katako masu kusurwa kamar yadda magabata suka bari, kuma a nemi wani mai riƙon akwati wanda jikokinsa ke da tarbiyya. Skip ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Mafi yawan 'yan'uwa ba su gane abin da ya faru ba, har yau wasunsu na ganin Emmett ya yi afuwa ce irin ta manya, kuma suna yi wa Warren kallon banza. Waɗanda suka gane sun yi abin da muka saba, sun yi shiru. Wani kafinta a cikinmu ya ce akwai guntayen katako a bayan rumfa, zai yanka ya shafa musu baƙin fenti kafin a gama cin masara. Lyle ya ɗage taro zuwa lokacin.

Mutane suka fara fita. Emmett bai tashi ba. Daga rumfa zuwa bishiyarsa akwai gangara da saiwoyi, kuma duk shekarun nan shi kaɗai yake binta da sandarsa, yana korar masu taimako. Ya jira har ɗakin ya kusa zama fayau, sannan ya juya inda kujerar Warren take.

"Dombek. Kana nan ko ka gudu?"

"Ina zan je? Kwanona na waje."

"Maƙaryacin banza. Tun muna kwaleji ba ka iya ƙarya ba." Ya ɗaga gwiwar hannunsa. "Zo ka kai ni wurin yaron. Ba na ganin hanya."

Warren ya sa hularsa, ya zo ya kama shi. Na bi su a baya da sandar, domin Emmett ya bar ta jingine da tebur. Suna tafe a hankali, Warren na faɗa masa ga saiwa, ga rami, shi kuwa yana cewa ya san filinsa tun kafin Warren ya yi hankali. A tsakiyar gangara na ji Emmett ya tambayi inda Dale yake yanzu. Warren ya ce yana jihar Oregon, yana gyaran haƙora, 'ya'yansa mata biyu. Emmett ya ce to madalla. Ni dai ban san wa ya jefa wa Dale waccan baƙar ba har gobe.

Toby ya taso daga bakin ruwa da jiƙaƙƙen gashi, yana ƙoƙarin saka riga. Kakan ya laluba aljihu ya fito da bajon, ya laluba ƙirjin yaron, amma allurar ta ƙi shiga, yatsunsa na ta kuskure maɓallin. Ya yi ƙoƙari har ya soki kansa. Sai ya miƙa wa Warren ya ce ya riƙe rigar tun da ba shi da wani amfani. Warren ya tattaro yadin ya saita masa allurar, Emmett ya danna. Bajon ya ɗan karkace, aka bar shi haka.

Toby ya tambaya ko an sha wahala a ciki, ya ga an daɗe. Emmett ya ce wahalar me, tsofaffi ne kawai da son surutu. Ya ce masa ya je ya ɗebo wa Ɗan'uwa Dombek nama, wanda bai ƙone ba in akwai, kuma ya ɗebo masa dankalin nan shi ma, ya ji ko bana an dace.

Na koma bakin wuta na kankare abin da ya saura. Daga bayan rumfa ana jin kafinta yana yanka katako.